Sunan Mawaƙi A Jikin Kwalbar Giya

A wannan mako za mu leƙa ƙasashen Turai da Amurka ne, inda wata irin hulɗa ta kankama tsakanin ƙungiyoyin makaɗa da ƙananan kamfanonin giya. Abin da ake yi shi ne, kamfani ya zauna da makaɗa su tsara wata giya ta musamman, a raɗa mata sunan wata waƙarsu, a manna tambarinsu a jikin kwalba, sa'an nan a kai kasuwa. Galibin masu karanta wannan shafi ba ruwansu da giya, addini ya raba su da ita. Amma fa darasin da ke cikin lamarin ya shafi duk wanda yake da mawaƙin da yake ƙauna, ko ɗan da ke sauraron waƙa.

Misalin da ya fi shahara shi ne na ƙungiyar Iron Maiden ta Ingila. A shekarar 2013 ta haɗa kai da kamfanin Robinsons na garin Stockport, kusa da Manchester, wanda iyali ɗaya ke riƙe da shi tun 1838. Suka fito da giya mai suna Trooper, watau sunan wata waƙarsu ta 1983 wadda ta ba da labarin sukuwar sallah da mayaƙan doki na Birtaniya suka yi wa igwogin Rasha a yaƙin Kirimiya cikin 1854. Jagoran waƙar ƙungiyar, Bruce Dickinson, da kansa ya riƙa zuwa masana'antar ana ɗanɗanawa tare da shi har aka daidaita. Tun daga lokacin an sayar da miliyoyin kwalabe a ƙasashe da dama.

A Amurka kuwa, kamfanin Dogfish Head na jihar Delaware ya yi wa ƙungiyar Pearl Jam tata giyar a 2011, lokacin cikarta shekara 20, ya kuma yi wa Grateful Dead a 2013. Ƙananan kamfanoni sun fi manya dacewa da wannan aiki domin tukunyarsu ƙarama ce, suna iya sauya haɗin sha'ir da kayan ƙamshi su dafa kaɗan don wani biki ba tare da hasara ba.

To, me ya kai mawaƙi gidan giya? Ruwa dai ba ya tsami banza. Daga 1999, lokacin da aka fara kwasar waƙoƙi kyauta ta intanet, zuwa 2014, kuɗin da ake samu daga sayar da waƙa a duniya ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Faifai ya daina ciyar da mai shi. Dole makaɗa suka koma ga yawon wasa da sayar da riguna da huluna da duk abin da zai ɗauki tambarinsu. Shi kuma ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin talla irin na manya, saboda haka sai ya ari masoyan da mawaƙin ya yi shekaru yana tarawa. Watau dai hajar da ake ciniki a nan ita ce ƙaunar da jama'a ke yi wa mawaƙi, giyar kuwa ta biyo baya.

Masu kare wannan ciniki suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa dokar ƙasashensu ta halatta shi, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba a Ingila, ko 21 a Amurka, kuma yawancin masoyan waɗannan ƙungiyoyi magidanta ne masu furfura. Haka ne. Sai dai doka a bakin kanti take tsayawa, ita kuwa waƙa ba ta tambayar shekaru. Yaro ɗan shekara 14 da ya haddace waƙar, ya sa rigar, ya riga ya san sunan giyar tun kafin ya isa saye.

Har wa yau, babu sana'ar da ta san ɓarnar giya kamar ta kiɗa. A cikin 1980 kaɗai giya ta kashe Bon Scott, mawaƙin AC/DC, da John Bonham, mai gangar Led Zeppelin. A 2019, shekarar da giyar Metallica mai suna Enter Night ta bazu a kantunan Amurka, ƙungiyar ta ɗage wasanninta na Ostireliya da New Zealand domin jagoranta James Hetfield, wanda ya daɗe yana fama da shaye-shaye, ya koma gidan jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a wannan shekarar giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6.

Wasu gwamnatoci sun farga. Faransa tun 1991 ta hana kamfanonin giya ɗaukar nauyin wasanni da bukukuwa. A Suwidin, inda gwamnati ce kaɗai ke da kantunan giya mai ƙarfi, sai da aka sauya hoton jikin kwalbar Trooper, aka cire alamun yaƙi, kafin a yarda ta shiga kasuwa.

Mu ma a Nijeriya mun ga yadda kamfanonin giya ke ɗaukar nauyin manyan wasannin mawaƙa a birane, don haka in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba wanda zai hana mawaƙi neman abinci, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da ya karɓi kuɗin kamfani, ya zama ɗan tallansa, ko da bai buɗe baki ba. Kirana ga mawaƙanmu shi ne, kafin su sa hannu a kowace yarjejeniya, su duba fuskokin da ke sahun gaba a wajen wasansu, su ƙiyasta shekarun masu su. Hukumomin da ke kula da talla kuma su lura cewa suna a jikin kwalba talla ne, ya kamata ya bi dokar da kowace talla ke bi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.