Idan kare ya cinye bitamin ɗin mage, likita za ka kira, ba TikTok ba

Kiwon mage ya zama yayi a tsakanin matasa. Ka leƙa Instagram, kowa da tasa mai gashi buzu-buzu, an saya mata bitamin da man kifi. A gidaje da dama kuma akwai karen gadi a tsakar gida. Matsalar ita ce yawancin waɗannan ƙwayoyi ana saka musu ɗanɗanon kifi ko kaza don mage ta yarda ta ci. Shi kuwa kare, in ya samu robar, ba ɗaya zai ɗauka ba. Tas zai cinye, wani lokacin har da murfin.

Ra'ayina shi ne: wanda ya iya sayen ƙwayar, dole ya iya karanta abin da ke jikin robar, kuma ya ajiye lambar likitan dabbobi a wayarsa. Ba duka ƙwayoyin ne ke da haɗari iri ɗaya ba. Sinadarin tawurin, wanda mage ke buƙata don lafiyar zuciya da ido, da wuya ya yi wa kare illa. Man kifi in ya yi yawa kan jawo amai da gudawa. Amma bitamin D wani batu ne daban. Ba ya fita da fitsari cikin sauƙi, taruwa yake yi a jiki, ya sa sinadarin kalsiyam ya hau a jini, har ya lalata ƙoda. Sinadarin ƙarfe ma in ya wuce kima yana ƙona hanji, ya taɓa hanta.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne karen zai iya ci gaba da wasansa kamar ba komai, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya fara amai, shan ruwa ba ƙaƙƙautawa da yawan fitsari. Kafin nan kai kana can kana karanta shawarwari: wannan ya ce ɗura masa manja, wancan ya ce ruwan gishiri. Don Allah kar ka yi. Gishiri mai yawa guba ne ga kare, manja kuma na iya sarƙe shi ya shiga huhu.

Ɗauki robar, ƙirga nawa suka rage, lura da lokacin da ya ci, ka kira likita nan take. Yana buƙatar sanin nauyin karen, domin abin da babban kare zai jure na iya kashe ɗan kwikwiyo. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi.

Wani zai ce kare ne fa, mene ne na damuwa? Kai ka kawo shi gidan, yana kwana a farke don ka yi barci. Sa maganin mage a cikin kabad mai rufi, tun yau.