LUNGUN DA KE GINDIN KATANGA

Kusan kowace damina, da Agusta ta kama, sai labari ya zo daga ƙasar Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Ɓaɓura, cewa katanga ta faɗi ko ɗaki ya rufta. Jama'a su kan ce ruwa ne ya yi yawa. Mu kuwa a ganinmu sau da yawa ɓarnar ta na farawa daga ɗan lungun nan da ke tsakanin bayan ɗaki da katanga, wanda ba ya fin ƙafa 3 ko 4, ba kuma mai leƙa shi sai kaji.

Bari mu yi lissafi. Ɗakin da tsawonsa ƙafa 20, faɗinsa 12, in ruwan inci 1 ya sauka a kansa, indararo zai zubo da abin da ya kai garwa 30. A gidaje da yawa duk cikin lungun ya ke zuba. Inda ƙasar jigawa ce, rairayi ya kan shanye. Amma inda yumɓu ne, ko inda aka daddaɓe wurin da ragowar ƙasar gini, ruwan ba ya nutsewa. Sai ya kwanta, ya jiƙa gindin katanga, tubali ya yi laushi daga ƙasa alhali nauyi na bisa. Sauro kuma mako ɗaya ko kwana 10 ya ishe shi ya ƙyanƙyashe ya yi fiffike.

Waɗansu su kan zuba yashi su ce sun gyara. Wannan ruɗin kai ne, domin ruwan na nan kwance ƙarƙashin yashin kamar a akushi. Abin da wurin ke bukata gangare ne: a rage inci 1 a kowace ƙafa 4, a ja kwata ta tsakiya, nesa da bango, a jera mata duwatsu, abin da Allah bai hana ƙasar Kazaure da Roni ba. A sa faffaɗan dutse inda indararo ke dukan ƙasa, a kuma yashe rariya tun da bazara.

Saura maganar maƙwabci, ita ce mai wuya. Wanda ya huda katanga ya sako wa na ƙasa da shi ruwa, sauya wa ɓarnar gida kurum ya yi. A zamanin En'e, kafin gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, duba-gari kan shiga gida gida, ana kuwa shakkarsa. Muna roƙon masu unguwanni su tara masu gidajen kowane layi a shata hanyar ruwa ɗaya har bakin babbar kwata. Malaman makaranta da akawuna, ku da ku ka san awo, ku ɗauki igiya da magwaji ku fara da lungunan gidajenku kafin ruwan shuka ya sauka.