Rufe gadar Malanville: Yadda rikicin gwamnatoci ya shigo tsakar gidajen haya

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya a ƙarshen watan Yulin 2023, yawancin labaran da ake kawowa daga wannan gari na tireloli ne da suka yi jerin gwano a bakin hanya, da asarar da tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta tafka, da cacar bakin da ake yi tsakanin hukumomin Nijar da na Benin. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne inda nauyin ya sauka daga ƙarshe, wato tsakar gidajen haya, inda iyali biyar ko goma ke shan ruwan famfo ɗaya, suna shanya a igiya ɗaya. A ganinmu, kyakkyawar maƙwabtaka a irin waɗannan gidaje na cikin abubuwan da suka hana wahalar zama fitina, kuma yanzu ita ma tana buƙatar a tallafe ta.

Malanville na jihar Alibori ne, a can arewacin Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 730 daga Kwatano, a bakin Kogin Kwara. Ƙidayar 2013 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane sama da dubu 160. Kasuwarta na cikin mafiya girma a ƙasar, inda albasa da dabbobi daga arewa ke haɗuwa da masara, doya da garin rogo daga kudu. Saboda haka gari ne na baƙi. Ban da Dendawa 'yan gida, akwai Fulani, Zabarmawa, Hausawa, Bargawa da Yarbawa, ga kuma malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da jami'an duwan da aiki ya kawo daga kudancin ƙasar, da yawansu Kiristoci.

Mafi yawan waɗannan baƙi a gidan haya suke. Ba dogayen benaye ba ne irin na manyan birane. Yawanci ɗakuna ne a jere, wasu ciki ɗaya, wasu ciki da falo, sun kewaye tsakar gida. Ƙofar shiga ɗaya ce, makewayi na tarayya, rijiya ko famfo na kowa, sau da yawa ma mitar wuta ɗaya ce ake raba kuɗinta. A irin wannan zama ba a ɓoye hali. Idan aka kwana biyu ba a ɗora tukunya a ƙofar wani ɗaki ba, matan gidan ne za su fara sani.

Bari mu tuna yadda abin ya faro. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga watan ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin kuma ta rufe iyakarta. Da ƙungiyar ta janye takunkumin a Abuja ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe, tana zargin cewa akwai sojojin Faransa a ƙasar Benin da ke shirya mata maƙarƙashiya, zargin da Benin ta musanta. A watan Mayun 2024 rikicin ya taɓa bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar teku a Sèmè, har tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai neman sulhu a watan Yuni. Kayan Nijar da a da mafi yawansu ta Kwatano suke shigowa suka koma bin Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji. Mutane kuwa sai suka koma ƙetare kogi a kwalekwale.

Wanda bai san garin ba zai ɗauka manyan 'yan kasuwa kawai abin ya shafa. Amma kowace tirela da ta tsaya a Malanville tana ciyar da mutane da yawa: ɗan dako, bakanike, mai faci, mai wankin mota, mai shayi, mai tuwo, ɗan canji, ɗan kabu-kabu. Su ne masu hayar ɗakunan nan. Kuma a Benin, saɓanin yadda aka saba a Kano ko Sakkwato inda ake biyan shekara gaba ɗaya, wata-wata ake biyan haya. Ke nan duk ranar da aikin yini ya tsaya, ba a kai kwana talatin sai mai gida ya ji a jikinsa. Mai gidan ma ba kullum attajiri ba ne. Wani tsoho ne da ya tara abin da ya samu ya gina ɗakuna, wata kuma mace ce da miji ya rasu ya bar mata marayu da gidan.

Abin da ya riƙe mutane a wannan hali tsohon abu ne da muka gada. Maƙwabciya ta zuba abinci a kwano ta aika da yaro, ba tare da ta jira an roƙa ba. Mata su duba wa juna yara idan ɗaya ta tafi talla. A yi adashi a ba wanda ya fi matsuwa kwasar farko. Direban da motarsa ta maƙale ya samu tabarma a ɗakin wani ɗan garinsu. Ran suna ko rasuwa gidan duka ya tashi, ba a tambayar wane ne ɗan Dosso, wane ne ɗan Kandi. Babu ofishin da ya rubuta wannan taimako, amma da babu shi da mutane da yawa sun kwana a tasha.

Sai dai zuciya tana gajiya idan wahala ta daɗe, kuma muna ganin wurare uku da ɓaraka ke iya shigowa.

Na farko kuɗi. Bashin haya na taruwa, mai gida ya ƙosa, ya fara barazanar cire ƙofa ko fitar da kaya waje. Takardar wuta ta zo, mai firji da mai ƙwan fitila ɗaya a ce su biya daidai. Famfo ya lalace, kowa ya noƙe. Yawancin faɗan gidan haya daga nan yake tasowa, sannan ya bi ta kan yara ya koma gaba tsakanin manya.

Na biyu siyasa. A gida ɗaya za ka samu mai goyon bayan sojojin Yamai da mai ganin laifinsu, kowa da saƙonnin da yake saurara a WhatsApp. Muhawarar da aka fara da raha a kan tabarmar shayi tana iya ƙarewa da "ku ne kuka jawo mana". Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi a nan. A ƙarshen 1963, lokacin taƙaddama kan tsibirin Lété, Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey da ke ƙasarta, Dahomey kuma ta toshe hanyar kayan Nijar. Gwamnatocin sun shirya daga baya, kotun duniya ta yanke hukunci kan tsibirin a 2005, amma iyalan da aka raba da gidajensu da maƙwabtansu su suka biya kuɗin rigimar.

Na uku zargi. Matsalar tsaro a arewacin Benin gaskiya ce. A watan Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da kashe sojoji 54 a hare-haren da aka kai a yankin gandun dajin W, a cikin wannan jiha ta Alibori. Mutanen ƙauyuka na tasowa zuwa garuruwa neman mafaka, suna neman ɗaki. Haƙƙin mai gida ne ya san wanda zai ba haya, kuma wajibi ne a sanar da hukuma abin da aka gani na haƙiƙa. Amma hana mutum ɗaki, ko yi masa kallon ɗan ta'adda, don kawai Bafulatani ne ko baƙo daga ƙetaren kogi, zalunci ne. Wanda aka ware aka wulaƙanta kuma shi masu ɓarna suka fi sauƙin ja.

Addininmu bai bar wannan fage a buɗe ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda aka yi umarni a kyautata musu. Malamai sun bayyana cewa maƙwabcin da ba Musulmi ba ma yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci. Haka kuma wanda yake da halin biya ya riƙa ja wa mai haƙƙi rai, Manzon Allah (SAW) ya kira hakan zalunci. Hukuncin ya hau kan mai gida da ɗan haya baki ɗaya.

Don haka muna ba da shawarwari kamar haka. Kowane gidan haya ya zaɓi dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya da za a riƙa kai wa ƙorafi kafin magana ta kai ofishin 'yan sanda. A zauna a yi ƙa'idar rabon kuɗin wuta da ruwa gwargwadon abin da kowa ke amfani da shi, a rubuta, a kuma tsara kwanakin shara da wankin makewayi. Mai gida ya riƙa ba da rasit, ɗan haya kuma idan ya ga ba zai iya biya ba ya je da kansa ya faɗa tun kafin wata ya ƙare, a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a gaban shaidu. Ya kamata masu haya su san cewa dokar hayar gidajen zama ta Benin ta taƙaita kuɗin ajiyar da ake karɓa kafin shiga ɗaki ga hayar wata uku. Kwamitocin masallatai su ware wani kaso na zakka da sadaka don biyan bashin haya, tunda mabarta na cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma a yi shi a asirce. Sabon baƙo a gabatar da shi ga mai unguwa, wannan ya fi tsegumi amfani ga tsaro. Limamai kuma su riƙa taɓo zaman gidan haya a huɗuba da misalan da mutane suka sani.

Buɗe iyaka da rufe ta a hannun shugabanni yake, kuma muna kira gare su da su dubi halin talakawan ɓangarorin biyu, waɗanda harshe da aure da kasuwa suka haɗa tun kafin zuwan Turawa. Amma yadda za mu kwana da wanda bango ɗaya ya raba mu, wannan a hannunmu yake, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya kawo sulhu mai ɗorewa tsakanin Nijar da Benin, Ya yaye wa bayinsa ƙunci, Ya sa mu zama maƙwabtan da ake kewa idan sun tashi. Amin.