Ba kowane kumburi ake gasawa ba

Ranar Talata na je dubiya asibiti, har yau raina bai huce ba. Jikan wata 'yar'uwarmu, ɗan shekara 7, ya faɗi a wajen ƙwallo, cinya ta kumbura suntum. Kaka ta ce targaɗe ne, aka gasa da ruwan zafi. Mai ɗori ya zo ya murza son ransa. Da kuka ya ƙi ƙarewa aka kai shi kemis, aka soka masa diclofenac a ɗuwawu, nan ma ya haye. Alhali duk gidan an san yaron nan in ya fara haɓo ba ya tsayawa, dasashinsa kullum jini, ranar kaciyarsa ma sai da aka yi masa ƙarin jini.

Ciwon Glanzmann ne, sunan likitan yara ɗan Suwizalan da ya fara bayyana shi a 1918. Ƙananan ƙwayoyin jinin da ke manne wa juna su toshe rauni, wato faletilet, suna nan adadinsu cif, kama juna ne ba sa yi. Shi ya sa ƙirgarsu a awon jini ke fitowa lafiya lau. Ana ƙiyasta mutum 1 cikin miliyan, kuma sai an gado daga uwa da uba duka. Nan ne batun auren zumunta ke shigowa: ban hana ba, amma yadda muka koyi gwajin sikila, mu koyi tambayar tarihin zubar jini a dangi.

Kumburin nan jini ne ke taruwa cikin tsoka. Gashi da murza ƙara ɓalle shi suke yi, asfirin, ibuprofen da diclofenac kuma su ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage wa faletilet. In jinin ya matse jijiyoyi, ƙafa na iya shanyewa. A kwantar da yaro, a ɗaga ƙafar, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma, a ba shi farasitamol, a garzaya asibiti. Can ne ake ba da tranexamic acid, ƙarin faletilet, ko NovoSeven ta jijiya ga wanda jikinsa ya soma ƙin ƙwayoyin da ake ƙara masa.

Za a ce akwai tsada, kuma haka ne. To ƙanƙara nawa take? Kakar na yi mata uzuri, abin da ta taras ake yi ke nan. Mai kemis ne ba zan yi wa ba. Wanda zai ɗauki sirinji bai tambayi uwa ko ɗanta na yawan zubar da jini ba, ganganci yake da ran ɗan mutane, ya kamata a rufe masa shago. Yaron dai na baro shi bai iya miƙe ƙafar ba.