Araha Ba Ta Ado: Batun Batir da Kwantirola a Karkarar Madobi

Tun daga 1974 da aka gama madatsar ruwa ta Tiga, manoman Kadawa da Kura da Bunkure suke shayar da gonakinsu ba da wani inji ba, domin ruwa da kansa yake gangarowa ta magudanai. Amma wanda gonarsa ke bayan magudanar, kamar manoma da yawa na ƙasar Madobi, da injin fetur yake jan ruwa daga kogi ko rijiya. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 a 2024. A watan Oktoba na shekarar kuwa yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Ba abin mamaki ba ne da talakawa suka juya ga hasken rana. Abin da ke damunmu shi ne, jama'a suna ƙirga yawan faifan sola da suka jera bisa rufi, suna mancewa da abu biyu da ke cikin ɗaki, watau kwantirola da batir, alhali kuwa nan ne dukiyarsu take zurarewa.

Bari mu fara da kwantirola. Aikinta shi ne tsayawa tsakanin faifai da batir, ta hana a cika batir fiye da kima, ta kuma yanke wuta kafin a tatse shi ƙarƙaf. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai PWM, mai araha, wadda take tilasta wa faifai ya sauko daidai da ƙarfin batir. Akwai kuma MPPT, mai tsada, wadda take barin faifai ya yi aiki a inda ya fi ƙarfi, sa'an nan ta juya rarar ta zuba wa batir. Ga misali da lissafi. Faifai mai wat 250 yakan ba da wajen bolt 30 da amfiya 8. Idan aka haɗa shi da batir mai bolt 12 ta hanyar PWM, zai sauko wajen bolt 14, amfiya kuwa tana nan a 8, watau wat 112 ke nan. Mutum ya biya kuɗin 250, ko rabi bai samu ba, kullum rana ta fito ta faɗi. MPPT kuwa za ta isar da mafi yawan abin da faifan ya haifar.

Duk da haka ba mu ce a watsar da PWM ba. Mai shayi ko mai cajin waya a Kafin Agur, wanda ke da faifai ɗaya ƙarami mai bolt 18 da batir ɗaya, PWM ta ishe shi, domin tazarar da ke tsakanin faifan da batir kaɗan ce, zafin ƙasarmu ma yana ƙara rage ta. Amma da zarar an kai ga manyan faifai biyu ko uku, ga firji a ɗakin shan magani ko fankoki a makaranta, to sayen PWM asara ce da aka yi wa ado da sunan tsimi. Sai dai a yi hattara da jabu. Akwai akwatunan da aka rubuta wa MPPT a goshi, cikinsu kuwa PWM ce. Ta gaskiya tana da nauyi a hannu saboda naɗin wayar tagulla da ke cikinta, kuma takan nuna ƙarfin faifai dabam da na batir.

Batir shi ne babban al'amari, don shi ne mafi tsada a tsawon zamani, kuma shi ne mai fara mutuwa. Faifai mai kyau yakan kai shekara 20 ko fiye yana aiki, amma batirin dalma da aka wulaƙanta ba ya ganin damina biyu. Batirin mota dai ba na wannan aiki ba ne sam, an ƙera shi ne don ya ba da ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya ta da inji. Na dalma mai ruwa, dogon nan da ake kira tubula, yana da juriya muddin ana ƙara masa ruwan batir a kan kari, ba a kuma cin fiye da rabin abin da ke cikinsa. Na dalma rufaffe ba ya bukatar ruwa, amma shi ne ya fi kowanne tsoron zafi. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa duk ƙarin zafi na wajen digiri 10 bisa digiri 25 yana rage rabin kwanan batirin dalma. To, ina ga ɗakin kwano a Kubaraci cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a inuwa? Na uku shi ne litiyom, irin mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ake iya cin kashi 80 bisa ɗari nasa kullum, ya kuma jure ci da cikawa sau dubbai, in dai na'urar tsaron da ke cikinsa ta ƙwarai ce.

A nan ma lissafi shi ne alƙali. Batirin dalma mai lamba 200 a bolt 12 yana riƙe yunit 2.4 na wuta, rabinsa ne halaliyar mai shi, watau yunit 1.2. Mu ƙaddara an kula da shi har ya yi zagaye 1,000, ya ba da yunit 1,200 ke nan a rayuwarsa. Litiyom mai lamba 100 kawai yana ba da wajen yunit 1 kowace rana, in ya yi zagaye 3,000 ya ba da yunit 3,000. Ashe ko da kuɗinsa ya ninka na dalma sau biyu, shi ne mai araha idan aka raba kuɗin bisa yunit.

Mun san abin da za a ce mana: talaka ba ya sayen abin shekara goma, abin da aljihunsa ya kai yau shi yake saye. Wannan magana gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Amsarmu kashi biyu ce. Na farko, manomi mai ban ruwa ba ya bukatar batir ko kaɗan. Famfo yana iya aiki kai tsaye daga faifai tun hantsi har la'asar, a tara ruwa a tanki ko tafki, a sake shi da yamma. Tankin nan shi ne batirinsa, zafi ba ya kashe shi, ɓarawo ba ya saɓa shi a kafaɗa. Na biyu, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa suna nan a yankin, adashi kuma ba baƙonmu ba ne. Wanda dole ta sa shi sayen na dalma, to ya sa shi a wuri mai iska, bisa katako, ya daidaita kwantirola da irin batirin, kada kuma ya gama sabo da tsoho a layi ɗaya, domin tsohon zai ja sabon zuwa kabari.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, watau makomar mataccen batir. Dalma guba ce. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda ƙurar dalma ta wurin haƙar zinariya. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan. Idan 'yan gwangwan suka fasa shi a bayan gida, suka zubar da ruwansa kusa da magudanar da ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin da ake kai wa Kwanar Gafan, gubar a tukunyar kowa za ta ƙare. Wajibi ne mai sayar da batir ya karɓi tsoho idan ya ba da sabo, hukuma kuma ta san inda ake kai shi.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wannan nauyi a wuyanmu yake. Mu ne gobe za mu rubuta takardun kwangila a sakatariyar Ƙaramar Hukuma da ma'aikatun Jiha. Duk takardar da ta ce "a sa sola" ta yi shiru, ba ta faɗi irin kwantirola ba, ba ta faɗi irin batir da girmansa da shekarun garanti da wanda zai riƙa share ƙurar hunturu daga faifai ba, to ƙofa ce aka buɗe wa ɗan kwangila ya kawo mafi araha ya karɓi kuɗin mafi tsada. Fitilun titi da suka mutu bayan bikin buɗewa sun ishe mu shaida. Muna kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa da ta shiga kasuwar Sabon Gari ta tsame jabu. Muna kira ga Jami'ar Bayero, wadda aka ƙaddamar wa tashar lantarki mai megawat 7.1 a 2019, da jami'ar Wudil, da su riƙa tura ɗaliban injiniya Madobi da Kwankwaso lokacin hutu, da ma'aunin wuta a hannu, su gwada kayan jama'a, su kuma koya wa masu haɗa waya na ƙauye wannan lissafi da harshen Hausa.

Da kuɗin talakawa aka ilmantar da mu. Mafi ƙanƙantar ladan da za mu biya su shi ne mu hana a sayar musu da batir sau uku a inda ɗaya zai isa. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba mu ikon aikatawa, amin.