Nasiha Kan Koya Wa Yara Tattalin Ƙasa

Ya ku malamai da almajirai, ku sani a shekarar 2015 ƙasashen duniya suka ƙulla alkawura 17 a Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikinsu akwai cewa kafin 2030 kowane mai karatu ya san yadda za a ci amfanin ƙasa yau, ba a tauye rabon na gobe ba. Shi ya sa ake shawarar a sa wannan ilmi cikin karatun ƙaramar sakandare, aji 1 zuwa 3. Ni dai na yarda, amma da sharaɗi: kada a mai da shi hadda don jarrabawa. Yaron da ya haddace sunan hamada, alhali bai taɓa rainon itace ko ɗaya ba, me ya ƙaru da shi?

Ku dubi mutanen Maraɗi. Bayan farin 1984 manoma suka daina sare tohon kututture a gonakinsu. Sai su zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su yanke saura. Shi ne ake kira sassaben zamani. Da wannan dabara itatuwa suka komo kan fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tsare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabba. Da hannu aka koyi wannan, a cikin gona.

In wani ya ce karatun yara ya riga ya yi yawa, amsa ita ce ba sabon fanni muke nema ba. Malamin lissafi ya sa su auna ruwan sama da zurfin rijiyar gari kowane wata, su rubuta. Malamin noma ya ba kowane yaro itace guda, ya raine shi shekara 3, a duba shi ranar fita kamar yadda ake duba takarda. Malamin Hausa ya aike su gun tsofaffi, su rubuto sunayen itatuwan da suka ɓace a dajin garinsu da dalilin ɓacewarsu.

Ku kuma malaman allo, kada ku ce wannan sha'anin 'yan boko ne. Allonku itace ne, tawadarku gawayi da ƙaro, wutar karatun dare kara da itace. In daji ya ƙare, ku ne farkon masu ji a jika. To ku fara dasawa a ƙofar tsangaya, da damina mai zuwa.