Wa Ya Tace Littafin Da Ke Wayar 'Yarki?

Mu a asibiti ba ma miƙa wa mara lafiya magani sai mun duba sunansa da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa. Karatu ma shiga jiki yake yi. To wa ke duba shi?

A manyan jaridu akwai mai wannan aiki, shi ne editan shafin adabi. Marubuta su aiko masa da littattafai, ya karanta, ya zaɓi wanda za a yi wa sharhi, ya nemo masanin da zai auna shi, wanda aka soka kuma ya ba shi fili ya kare kansa.

A shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, Ibrahim Sheme ne ke riƙe da shafin adabi a jaridar New Nigerian ta Kaduna. A nan aka tafka doguwar muhawara. Ibrahim Malumfashi na kukan rashin inganci, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na cewa littattafan nan ne suka jawo mata da matasa ga karatun Hausa. Ba a yi ittifaƙi ba, amma an baje kayan a faifai, kowa ya ga tsaba, ya ga tsakuwa.

Yau fa? Littafi kan fito daga wayar marubuciya ya faɗa WhatsApp a daren, shafi-shafi, ba wanda ya tsaya a tsakani. Yarinya a Dutse ko Kiyawa ko Jahun ta lulluɓa da bargo ta karance. Akwai masu kyau ƙwarai. Akwai kuma na batsa tsagwaronta, da masu koyar da haɗin matsi a tsakiyar labari. Mu ma'aikatan jinya mun san ƙarshen irin wannan cushe-cushen: ƙaiƙayi, ƙuna da ciwon sanyi, kunya kuma ta hana a zo asibiti da wuri.

Tunda babu edita a can, ke ce editar gidanki. Kada ki fara da ƙwace waya, ɓoyo kawai za ki koya mata. Tambaye ta wane littafi take bi, ki karanta babi biyu, ku yi hirarsa kuna tsinke zogale. Me ya burge ta? Da ita ce jarumar, ya za ta yi? Wanda bai dace ba ki faɗa mata dalili, ki nemo mata madadinsa, ko da Magana Jari Ce ne na Abubakar Imam.

Idan kuma ita ce mai rubutun, ki tura ta inda za a gyara mata. Gasar Hikayata ta BBC Hausa an fara ta ne a 2016 domin mata zalla, kuma alƙalai ke tantance labaran.

Wane littafi ake karantawa a gidanki makon nan? Ina jiran amsarki. Allah Ya shirya mana zuri'a.